Hannun da Ubanku Ya Miƙa a Gulbi

Da ba don silimar nan ba, da ban rubuta wannan babin ba. Niyyata in tafi da shekarar nan a cikina, yadda na haɗiye abubuwa da yawa ban mutu ba. Amma tun da aka fara nuna silimar ceton anasara a gidajen bidiyon Gaya, aka zuba ta cikin salular kowane yaro, sai na ga shirun da na yi ya zama gonar da ba ta da mai ita, kowa ya zo ya shuka abin da ya ga dama. A farkonta sun rubuta wai labarin gaskiya ne. Sun sake wa ubanku suna, sun ba shi jajayen idanu da baki cike da goro, sun sa shi yana raɗa da 'yan fashi a bayan bukka, yana sayar da sojan ƙasarsa. To, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Daga Gaya har Tunuga babu mai furfurar da bai san jirgin wa ya ɗauki soja ranar nan ba. Ubanku ko goro ba ya ci, haƙoransa ba sa so, amma wannan ƙaramar ƙarya ce, da a nan suka tsaya da na ƙyale su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da na koyi boko da tsufa a ajin yaƙi da jahilci, kai ne Idi. Kai ne auta, kana goye aka tafi da shi, ba ka san fuskarsa ba. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya, yana jikin katinsa na shaida, katin kuwa jandarma suka riƙe. Ka girma, ka yi iyali, ka tara gemu, sai ga shi fuskar farko da aka nuna maka aka ce ta ubanka ce, ta wani ɗan wasa ce daga Yamai. Ranar da ka kalle ta ka shigo gidan nan bayan la'asar, ka zauna bakin ƙofar ɗakina, ka daɗe kana juya makullin moto a yatsa, sannan ka ce:

"Mama, ashe abin da mutane ka hwaɗi gaskiya na."

Ranar nan na ci gaba da tsince shinkafa kamar ban ji ba. Ga amsar yanzu, taka da ta yayyenka da ta jikokina da ake bi da waƙa a hanyar lakwal, makarantar boko.

Ni 'yar manoma ce daga Bengu. Kafin aure ruwan da na sani shi ne na rijiya da na fadama, wanda bai wuce gwiwa ba. Aka kawo ni Gaya gidan Sarkawa, masuntan da kakanninsu suka biyo gulbi daga Kabi, mutanen da yaransu ke iya iyo kafin su iya gaisuwa. Ubanku gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai wushirya, ba shi da surutu, kuma Allah bai halicci mai taurin kai irinsa ba sai ko uwarsa, kakarku, wadda duk gidan ke kira Inna. "Ɗiyar tudu" yake ce mini, don in na shiga jirgi nakan riƙe gefensa da hannu biyu ina salati har a kai gaɓa. Ba zan ce muku waliyyi ne ba. Yana da fushi, yakan yini bai yi magana ba a kan miyar da gishiri ya yi wa yawa, kuma in ya ce a'a, ko Sarkin Ruwa, shugaban masunta, ne ya zo sai dai ya sha fura ya koma.

A shekarata ta farko na ga abin da ya ɗaure mini kai. Akwai wani ɓarawon taru da ya addabi masunta. Wata safiya aka hango shi yana kwance tarun ubanku, aka bi shi da jirage, ya ruɗe, jirginsa ya kife a tsakiyar ruwa, ashe iyon nasa na baki ne. Ina tsaye a gaɓa ina cewa a raina alhaki ne ya kama shi. Sai na ga ubanku, shi mai tarun, ya faɗa ruwa, ya jawo shi, ya ɗora shi a jirgi, ya danna masa ciki ya amayar da abin da ya sha. Aka kawo shi tudu, Inna ta dama masa kunu mai zafi, aka lulluɓe shi da zane. Sai da ya daina rawar ɗari, ya ce ya ji dama, sannan suka taru suka yi masa dukan da bai sake satar ko allura ba. Na tambayi Inna, to mene ne amfanin kunun? Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Ke ɗiyar tudu, buɗe kunnenki. Ruwa ba alƙali ba na. Mutum in shina nutsewa ba shi da suna, ba shi da laihi. A hidda shi tukuna, shari'a bisa tudu a kan yi ta. Basarken da yag ga mutum cikin ruwa yan naɗe hannu, ba mu cin tuwo da shi, ba mu ba ɗiyanshi aure, kuma ba wanda ka sake shiga jirginshi."

Na yi dariya a ɓoye, na ce kowane gida da irin haukansa. Da na je Bengu ganin gida har labarin na ba su, muka yi ta ƙyaƙyatawa. Ban san ita wannan al'adar ce za ta cinye mini miji ba.

Shekarar da nake ba ku labari soja ke mulki. Ku da kuka ga naku zamanin kuna tsammanin kun san tsoro, amma na wancan lokacin ba ya wasa. In mutum zai ambaci gwamnati sai ya waiga, ko da a ɗakin matarsa yake. Akwai wani anasara injiniya da ke aikin jawo ruwa zuwa gonakin shinkafa, dogo mai jan wuya, kowa ya san motarsa. Su kuma 'yan fasa-ƙwauri, masu ƙetarawa da kaya tsakanin ƙasashe ukun da suka haɗa iyaka a nan, duwan, wato 'yan kwastan, sun kama musu kaya har da ubangidansu. Sai suka tare anasaran a hanyar Tunuga, suka shige da shi wani tsibiri can ƙasan gulbi inda ciyawar ruwa ta fi mutum tsawo, suka aiko cewa a saki nasu su saki wannan. Lokacin cikar ruwa ne. Kafin mu ankara Gaya ta cika da kamiyo, manyan motocin soja, an rufe gada, an hana kamun kifi, kasuwa ta mutu. Mu mata muna zaune gindin murhun banda babu abin da za mu ɗora a kai.

A silima cikin duhu suka je, da jiragen inji, ga jirgin sama yana haska musu ruwa. Ƙarya ce. Da rana tsaka aka je, da jiragen katako biyu, don kapiten ɗin da aka turo daga Yamai ya san ƙarar inji za ta riga su isa. Dabararsa ita ce soja su kwanta cikin jirgi, a rufe su da taru da tabarmi da kwandunan banda, kamar masu kai kifi kasuwar ƙetare. Dabarar tasa ce, ban hana shi ba, ni ba na cin haƙƙin mutum ko da ya ci nawa. Jirgin ubanku na cikin manya, shi ya sa da hantsi Sarkin Ruwa ya shigo gidanmu, jandarma na biye da shi, yana magana yana kallon ƙasa. Ɗaya jirgin kuma na Alu ne, abokin ubanku tun na ƙuruciya, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Na bi ubanku ɗaki yana ɗaura ɗamara.

"Maigida, ka ce masu ba ka lahiya. Ko ka ce jirgin na yoyo."

"Ɗiyar tudu, sun ga jirgin, sun gan ni. Mutum na anka kama, shi ma shina da uwa wani wuri. Mu kai su mu komo. Ke dai ki aza tukunya."

Inna na zaune a inuwa tana ɗinkin taru, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Bar shi shi tahi. Gulbin na ubanshi na, ba shi cin shi."

Ta yi gaskiya, gulbi bai ci shi ba. Na ɗora tukunyar kuwa, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na rufe masa nasa.

Abin da ya faru a can ban gani da idona ba. Alu ne ya faɗa mini a ranar, da yamma, a bayan rumfar banda, kuma daga ranar bai sake faɗa wa kowa ba har ya mutu. Ya ce sun isa tsibirin ta wata 'yar hanya cikin ciyawa, rana ta take, mutanen na kwance gindin itace, wasu na dafa shayi. Soja suka yaye taru suka tashi. Ya ce bai san bindiga na da ƙara haka ba, shi da ubanku kowa ya kwanta rub da ciki a jirginsa. Ba a daɗe ba aka gama. Aka fito da anasaran daga bukka yana tafiya da ƙafafunsa, ko ƙaya ba ta soke shi ba. An kashe waɗanda aka kashe, sauran suka watsu cikin ciyawa. Ɗaya daga cikinsu, wani siririn saurayi da gemunsa bai gama fitowa ba, ya yar da bindiga ya faɗa ruwa ta wajen da yake da ƙarfi, yana nufin gaɓar Benin. Ba ɗan ruwa ba ne. Ya nutse ya taso, ya sake nutsewa, yana dukan ruwa da hannu, har ruwan ya kawo shi dab da jirgin ubanku.

Alu ya ce da ya ga ubanku ya tashi zaune, ya san abin da zai yi. Ya ƙwala masa kira, kapiten ma ya yi tsawa da Faransanci daga tudu. Ubanku ba ya jin Faransanci, kuma ko da Hausa aka yi masa, na san halin mijina. Ya tura jirgi da gora, ya miƙa hannu, ya kamo wuyan rigar saurayin, ya mirgino shi ciki. Daga nan bai nufi Benin ba. Ku riƙe wannan da kyau, don a silima sun nuna shi yana tuƙi da ƙarfi zai tsallakar da shugaban 'yan fashi, kapiten ya harbe shi daga nesa ya faɗa ruwa. Juyowa ya yi, ya kawo jirgin har gaban kapiten, ya kifa saurayin a kan yashi yana danna masa baya, ya ɗaga kai ya ce:

"Ga shi nan, ranka shi daɗe. Yanzu sai ku yi mishi shari'a."

Shari'ar ba ta ɗauki lokaci ba. Saurayin na cikin amayar da ruwa wani soja ya ɗora masa bindiga a ƙeya. Jinin har a ƙafar ubanku ya fantsama. Ubanku ya miƙe ya yi wata irin ƙara, ya hankaɗe sojan da hannu biyu har ya faɗi zaune cikin ruwa. Nan suka rufe shi da gindin bindiga. Jiragen suka dawo Gaya, Alu na tuƙa nasa, wani soja na fama da ɗayan, mai jirgin kuwa na kwance a ciki ɗaure da igiyar tarunsa.

Gari ya ɗauki guɗa. Rediyo ta yi ta yabon jaruman soja safe da yamma. Aka tafi da anasaran Yamai, daga can ya wuce ƙasarsu, ban ji an ce ya tambayi wanda ya tuƙa shi ba. Alu aka ba shi buhun shinkafa, sufurefe, wakilin gwamnati a garin, ya yi musabaha da shi a gaban jama'a. Ubanku kuwa na kulle a kaso a barikin jandarma, an ce ɗan leƙen asirin 'yan fashi ne, ya nemi tserar da ɗayansu, ya kuma ɗaga wa soja hannu. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Tuwon da na rufe masa, ku kuka ci shi washegari da ɗumame.

Komandan jandarman Gaya, wani Badamagare mai tumbi, ya san mu, don matarsa a wurina take sayen banda. Ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, ko da yake a zamanin nan tsakanin biyun babu nisa. Da na kai abinci sai ya kira ni cikin biro ɗinsa, wato ofis, ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Madam, ki ji ni da kyau. Turin da ya yi wa soja, zan iya cewa ruɗewa ce, an dake shi, ya biya. Abin da zai kashe shi shi ne hannun da ya miƙa. In ya ce yaron ne ya kama jirgin ya hau da kansa, shi kuwa yana ture shi da gora, haka zan kai rahoto sama, kapiten ma so yake a rufe maganar. Ki shiga ki gaya masa. Jibi mota za ta zo ɗaukarsa."

Na shiga da ƙarfina, ina ganin an gama. Kana bayana, Idi, kana barci. Na same shi zaune a ƙasa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, wushiryar nan ta koma giɓi. Na ajiye kwano, na faɗa masa abin da komanda ya ce, har murmushi nake yi don wauta. Ya ɗago ya dube ni da ido ɗayan.

"In ce ina ture shi?"

"Awo. Baki na kawai, Allah Ya san zuciyarka."

"In ce mutum na nutsewa gabana, ni kau ina ture shi da gora. A kai ma Sarkin Ruwa shi ji."

"Duniya ma ta ji! Yaron ya mutu, ba shi jin ka. Mu muna da rai."

"Ba ki gane ba. In nic ce haka na hito, to ina ni ka zuwa? Wa ka shiga jirgina? Wa ka ba ɗiyana aure? Wanga da ke bayanki, gobe in ya hwaɗa ruwa, da wane baki ni ka kiran mutane?"

"Mu koma Bengu! Babana na da gona. Ka yi noma, ba wanda ka tambayarka komi."

Ya yi 'yar dariya, ta taɓa masa haƙarƙari, ya dafe wurin.

"Ni da hauya? Hajo, ban yi laihi ba. Na hidda mutum cikin ruwa na kawo ma hukuma. In wanga na laihi, su kashe ni bisa gaskiya."

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na durƙusa, na kama ƙafarsa, na yi kuka, na kira masa sunayenku ɗaya bayan ɗaya, har na babbar yayarku wanda kunya ba ta taɓa bari na faɗa ba. Da roƙo ya ƙare na koma faɗa. Na ce ya fi son yabon masunta a kan 'ya'yan cikinsa. Ya ce in juyo, na juya, ya ɗora hannu a kanka ya daɗe, sannan jandarma ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi.

Na dawo gida na zube gaban Inna, na ce ta je, ita ce zai ji. Sai da ta gama alwalarta tsaf ta dube ni.

"In na tahi, cewa za ni yi kar shi hwaɗi. Ni na haihe shi. Ban haihi mai ture mutum cikin ruwa ba."

"Inna, kashe shi za su yi!"

"Na sani."

Ta tayar da salla. Ina kallon bayanta yana girgiza har ta sallame, amma ba ta je ba.

Washegari na je wurin Sarkin Ruwa. Na ce to, tunda al'adarku ce, ku taru ku je bariki ku ce haka kuka gada, kowane ɗayanku aka sa a jirgin nan haka zai yi. Ya ce in yi haƙuri, faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Na je gidan Alu, matarsa ta ce ya tafi gulbi, alhali ga takalmansa nan a bakin ƙofa, ga ƙamshin sabuwar shinkafa na tashi daga murhu. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Mutanen da ya ƙi yin ƙarya don kada su daina cin tuwo da shi, ko ɗaya bai taka zuwa bariki ba. A ruwa jarumai ne, kowa zai faɗa bayan ɓarawo. Ubanku a tudu yake nutsewa, a tudu kuwa al'adar tasu ba ta ce komai ba. Na dawo gida rana na dukana, na zauna na ba ka nono.

Motar ta zo ranar da komanda ya faɗa. Aka kai shi can arewa, wani kurkuku cikin hamada inda ake auna wa mutum ruwan sha da gwangwani, shi da tun haihuwarsa bai taɓa yini bai taɓa gulbi ba. Ba a yi masa shari'a ba, ba a ce mana ga laifinsa ga ranar fitarsa ba. Na yi ta soya kifi ina haɗawa da gari ina ba direbobin arewa su kai masa. Sai bayan an daɗe wani Bazabarme da aka sako ya neme ni a kasuwa, ya tsuguna gefen kwandona, ya ce zawo ne ya kashe shi tun bazarar farko, fursunoni suka yi masa salla. Har yau ban san cikin wa kifina ya yi ta shiga ba. Na yi takaba a makare. Inna ba ta ga wata damina ba bayan labarin.

Ku ji abin takaicin. Duk abin da ya ji tsoro ya same mu in ya yi ƙarya, shi ya same mu da ya yi gaskiya. Babu wanda ya sake shiga jirginsa, don tsoron a ce yana da hannu, a gaɓa ya ruɓe, awaki na kwana a ciki. Masu neman babbar yayarku suka janye ba sallama, sai can Bengu dangina suka rufa mata asiri. Matar komanda ta koma sayen banda wurin wata. In na shimfiɗa kaya a kasuwar Gaya, mata na wucewa suna kallon gefe, dole na riƙa ɗaukar kwando ina ƙetara gada zuwa kasuwar Benin, inda ba wanda ya san matar wa nake. Babana ya aiko in dawo gida, na ƙi, ashe taurin kai ana ɗaukarsa kamar mura. A zamanin soja ban buɗe muku baki ba, don bakin yaro ba shi da ƙofa, kuma na ga inda mota ke kai mutane. Da mulki ya canza, maganar ta riga ta yi tsatsa a maƙogwarona.

Bayan maganar da ka faɗa mini, Idi, na ce sai na gani da idona. Ranar Juma'a bayan an sauko na yafa mayafi na tafi gidan bidiyon bayan tasha. Mai tsaron ƙofa ya ɗauka jika na zo nema. Na zauna a benci cikin samari da warin taba. Na ga gulbin da ba namu ba, na ga wani kyakkyawan kapiten da ko gumi ba ya yi, na ga mai jajayen idanun nan yana tuƙi kamar mai tuƙa tuwo, ko riƙon gora bai iya ba. Da aka zo wurin da aka harbe shi ya faɗa ruwa, ɗakin ya kaure da tafi da fito. Ban san lokacin da na miƙe na tsaya gaban tele ba.

"Ƙarya ta! Gaɓa yak kawo shi! Gaban kapiten yak kawo shi, da ranshi!"

"Tsohuwa, kauce muna kallo!" in ji wani daga baya.

"Hajiya, yi haƙuri," in ji mai gidan, yana danne dariya. "Silima ta kawai, ba gaske ba ta."

"In ba gaske ba ta, don mi anka rubuta gaskiya ta a farko? Wa anka tambaya? Ga ni, ina nan Gaya, ban mutu ba!"

Suka yi ta dariya, wani ma ya ɗaga salula yana ɗaukata. Can wani ya gane ni, ya ruga tasha inda kake kabu-kabu ya kira ka. Ka shigo kanka a ƙasa, ka kama hannuna ka fito da ni, ka ɗora ni a moto. Sai da muka isa ƙofar gida, na sauka, ka kashe inji, ka ce ba tare da ka dube ni ba:

"To Mama, in haka na, don mi ke da kanki ba ki taɓa ambatonshi da alheri ba? Tun ina yaro, in anka yi zancenshi sai ki ɗaure huska ki tashi. Ni abin da nig gani ke nan."

Gaskiyarka, ɗana. Na ɗaure fuska, kuma har gobe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye don na tsufa ba. An buɗe masa ƙofa, ya dube ni da goyo a baya, ya zaɓi saurayin da ya riga ya mutu da mutanen da suka ɓuya a ɗakunan matansu. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma yafewar ba ta gama zuwa ba, ina roƙon Allah Ya ba ni ita kafin in same shi. Sai dai wannan haushin nawa ne, da ƙuruciyata na biya shi, kuma ba ruwansa da abin da 'yan silima suka nuna. Ubanku bai sayar da kowa ba. Cewa aka yi ya ƙaryata hannunsa ya koma gida, ya ƙi. In za ku ji haushinsa a kan wannan, ku zo ku zauna kusa da ni mu ji tare, tabarmar na da faɗi. Amma duk ɗan da zai yarda ubansa maci amana ne, ko da kai ne, Idi, kada ya sa hannu a makarata.